Gawar Ɗakin Inna Tsahara

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida kakar matata ba, don mutanen garinsu ba za su bari ba. Shekara shida ke nan, amma har gobe in na sauka daga kan moto a bakin rijiyarsu sai wani ya toshe hanci ya ce, "Mushe, yau kuma wa ya mutu?" Ni ma dariya nake yi yanzu. A ranar kuwa, da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

A Yamai aka haife ni, can na tashi. Mahaifina ɗan Tasawa ne, aikin gwamnati ya kai shi birni, mu ƴaƴansa kuwa ƙauye sai dai mu ji labari. A lokacin ina shekara ta uku a wata jami'a a ƙetare, ina karatun kimiyyar binciken laifi, wato yadda ake shiga wurin da aka yi kisa ko sata a karanta sawu, da jini, da zanen yatsa, har da ƙuda. E, ƙuda. Malaminmu ya sa aka yar da mushen tunkiya a bayan labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, muka yi sati uku muna zuwa safe da yamma da kaye da bik, littafi da alƙalami ke nan, muna rubuta wane ƙuda ne ya fara sauka, yaushe tsutsa ta fito, yaya warin yake a rana ta biyu, yaya yake a ta biyar. Ni na zo na ɗaya a wannan darasin. Daga nan na yi istaj, wato koyon aiki, na wata biyu a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti. To, sai kai ya kumbura. Ko gidan suna na shiga sai in tsaya ina duba ta inda ɓarawo zai hauro, kuma kullum akwai safar hannu ta roba a jakata, kamar mai yawo da laya.

Fassuma kuwa a Yamai muka haɗu, tana karatun ungozoma. Da magana ta yi nisa, mahaifinta ya ce shi ba ya da ta cewa. Uwarsa, Inna Tsahara, ita ta raine ta tun tana shekara biyu a wani ƙauye gaba da Baudeta. In tsohuwa ta ce e, an gama. In ta ce a'a, in nemi wata. Fassuma da kanta ta gaya mini cewa Inna ta riga ta sallami manema biyu: ɗaya ya gaishe ta a tsaye, ɗayan kuma da aka kawo masa tuwo ya nemi cokali. Ni kuwa ina son yarinyar nan, so na gaske, irin wanda ke hana mutum gane abin da yake karantawa.

Hutun bazara na sauka Tasawa wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Laminu tela, shi zai raka ni. Muka ɗauki motonsa, wato babur, ya goya ni, tun daga bakin kwalta har muka shiga rairayi yana yi mini huɗuba da ƙarfi don iska.

"Ka durƙusa har ƙasa. Abin da aka ba ka ka cinye. Kada in ji Faransanci a bakinka. Sannan don girman Allah ka yi shiru, ni zan yi magana."

Na ce, "To, Kawu." (A raina kuwa cewa nake, mutumin da ya tsaya gaban farfesoshi uku ya kare rapor ɗin bincikensa, tsohuwa guda ce za ta ba shi tsoro?)

Inna Tsahara ƴar ƙaramar mace ce, siririya, ga ido kamar na mai zaren allura. Na durƙusa har gwiwata ta taɓa ƙasa. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce:

"Kai ne mai karatun gawa?"

"Ni ne, Inna."

"Duk karatun da ke duniya ka rasa na yi sai wanga?"

Kawu ya yi dariya, ni ma na yi. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin bedi, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, na sha har na ga gindinta. Ta tambayi iyayena, na amsa kaina a sunkuye. Har na ga ta murmusa sau ɗaya. Fassuma ba ta gidan, an tura ta wurin gwaggonta a can ƙarshen gari, kamar yadda aka saba in manemi ya zo gaida manya. Wallahi komi na tafiya daidai. Da na ci gaba da zama kamar buhun hatsi, da ba ni da labarin da zan ba ku yau.

Sai iska ya juyo.

Wani wari ya dake ni, mai nauyi, mai maƙale wa mutum a maƙogwaro, da ɗan yaji-yaji a ƙarshensa wanda ke sa ido ƙwalla. Na san warin nan, ko in ce na rantse na san shi. Na bi shi da ido har wani ɗan ɗakin ƙasa a kusurwar gida. Ƙofar kwano ce, an sa mata kwaɗo, an cusa tsummoki a duk wata kafa. Korayen ƙudaje masu sheƙi suna ta zarya a bakin ƙofar, irin waɗanda na yi sati uku ina ƙirgawa a kan tunkiya. A gefe kuma ga takalmin namiji, tsoho, da sanda a jingine.

Na raɗa wa Kawu, "Ba ka jin wari?"

"Ina ji mana. Yi shiru."

Da na ƙara kalma ɗaya tak, da na ce "warin mene ne", da ya gaya mini, da magana ta ƙare a nan. Amma wanda ya zo na ɗaya ba ya tambayar tela. Sai na juya wurin tsohuwa, na sassauta murya kamar yadda aka koya mana yi wa wanda ake zargi.

"Inna, mai gidan fa? Ban samu na gaishe shi ba."

"Ba ya nan."

"Tafiya ya yi?"

Kawu ya mintsine ni a cinya. Inna ta taɓe baki ta ce, "Yau kwana ukku rabon da in sa shi a ido, kuma ban yi kewa ba." Ta lura da inda idona ke komawa, sai ta ƙara da cewa, "Ɗakin can ba a zuwa. Ko kaza ta doshi wurin jifa take sha."

Kwana uku. Zafin bazara. Korayen ƙudaje. Na haɗa lissafina a kai, ya fito cif kamar a takardar jarrabawa.

Ba a jima ba Inna ta shiga maƙwabta duba tuwon da ake tuƙa mana, Kawu kuma ya tafi gaida wani tsohon abokinsa kafin azahar. Na lallaɓa zuwa ɗakin, na zare tsumma ɗaya, na haska fitilar salula ta kafar. Abin da na gani shi ne wani abu dogo a kwance a jikin bango, tsawon mutum, an lulluɓe shi da bargo, an ɗora tsohuwar babbar riga a kai. Daga ƙarƙashinsa wani baƙin ruwa ya gangaro ya jiƙa ƙasa.

Na rubuta wa Fassuma saƙo: "Yaushe rabonki da ganin kakanki namiji?" Babu rezo, saƙon ya ƙi tafiya. Na tsaya a tsakar gidan nan, zufa na keto mini, ina magana da zuciyata. Na san in na buɗe baki, aure ya tafi. Amma kuma ga bawan Allah kwance ba wanka ba sallah. Na ce, "Ko Fassuma, ko gaskiya." Har ƙwalla na yi don tausayin kaina. (In faɗi gaskiya, a cikin ƙwallar nan har da hango yadda zan ba ƴan ajinmu labari.)

Na tambayi gidan maigari, aka nuna mini. Na tarar da shi a zaure da dattawa huɗu, suna sauraren rediyo. Na gaishe su a gurguje, na gabatar da kaina da sunan karatuna gaba ɗaya, na ce ina da ƙwaƙƙwarar shaida cewa akwai gawa a gidan Malam Ilu, mijin Inna Tsahara, kuma ina kyautata zaton shi ne da kansa.

Aka kashe rediyo. Maigari ya buɗe baki zai yi magana, sai wani tsoho mai jar hula da ke zaune kusa da shi ya dafa masa gwiwa. Tsohon nan ya matso, fuskarsa cike da jimami, ya ce:

"Allahu akbar. Ilu? Mutumin kirki. Yaro, kwana nawa da rasuwarshi?"

"Uku zuwa huɗu, Baba. Ƙudajen ne suka nuna."

"Ƙudaje! Ikon Allah. Lalle kam yau kwana ukku bai kwana gida ba. Kana ganin ya sha wuya?"

Na ce ba zan iya cewa ba sai na duba. Wani dattijo ya kama tari, ya fita waje da gudu. Na ɗauka firgita ce.

Maigari dai, Allah ya saka masa, ya so ya cece ni. Ya ce, "Ɗana, kai baƙo ne, kuma neman aure ka zo. Zauna ka sha ruwa, mu yi magana." Na ce masa kowane minti da ya wuce shaida ce ke lalacewa. Tsoho mai jar hula ya miƙe ya ce gaskiyar yaro ce, a je a gani, haƙƙin mamaci ne.

Kafin mu isa, rabin gari ya biyo mu. Da muka kusa gidan, warin ya tarbe mu, na ga mutane suna duban juna, mata suna rufe baki da gefen zane, kafaɗunsu na rawa. Na ce a raina, Allah sarki, kuka suke. Na kwance igiyar shanyar Inna, na ɗaura daga bedi zuwa turken akuya, na sa safar hannuna a gaban kowa, a hankali, yatsa bayan yatsa. Wata mata ta matso, na daka mata tsawa da Faransanci: "Reculez, madame!" wato ta ja baya. A daidai nan na hango Kawu Laminu ya shigo, ya tsaya cak, ya ɗora hannu biyu a ka.

Na sa taɓarya na ɓalle kwaɗon. Na shiga. Na yi bisimilla, na kama bakin bargon na fizge da ƙarfi.

Tukwane ne. Tukwanen ƙasa guda biyar, manya, a jere a jikin bango. Bargon ya sarƙe da biyu daga ciki, suka kife suka fashe, wani abu baƙi-baƙi mai yauƙi ya malalo ya rufe mini takalmi. Sauran ukun murfinsu ya zame, ƙasar bango ta zubo ciki. Na tsaya da bargo a hannu ina kallo, har a lokacin ina neman inda ƙafar mamacin take.

"Daudawata!"

Inna Tsahara ce a bakin ƙofa, da akushin tuwona a hannu.

Na san daudawa a miya, na san ta a kasuwa, busasshiya, an dunƙula ta. Abin da ban taɓa gani ba shi ne inda ake yin ta. Daudawar batso ce, wadda ake yi da gurguzu, ƴaƴan yakuwa. Sai an wuni ana dafa shi, a zuba ruwan toka, a rufe a tukunya, a lulluɓe da tsofaffin tufafi don ya yi ɗumi, kuma ba a buɗewa sai kwanakinsa sun cika. Duk yaron goye a garin nan ya san warinta. Ni kaɗai ne, mai shekara uku a jami'a, ban sani ba.

Dariyar da aka danne tun daga zauren maigari ta fashe gaba ɗaya. Wani har da faɗuwa kan igiyata. Maigari ya yi wa Inna bayani a taƙaice. Ta ajiye akushin a ƙasa, ta dube ni, ta ce:

"Wato ni na kashe shi?"



Ta nuna tsoho mai jar hula da leɓe. "To ga gawar taka nan tsaye tana dariya. Shekara arba'in, duk ranar da na ɗora gurguzu sai ya kwashi tabarmarshi ya koma zauren maigari, wai wari na sa mishi ciwon kai. Amma in an yi miya shi ke fara miƙo kwano."

Malam Ilu ya zo ya kama hannuna, safar da duka, ya girgiza. "Na gode, jikana. Yau na ji yadda za a yi jimamina." Amma da ya leƙa ya ga tukwanen a fashe, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Shi ma bai zaci abin zai kai nan ba.

Inna ba ta yi dariya ba ko kaɗan. Ta shiga ɗakin, ta durƙusa, tana tsince fasassun tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta yi magana ba tare da ta ɗago ba, a hankali, amma kowa ya ji.

"An ce mini kai mai karanta alama ne. Tsohuwa da miji guda, mi za su yi da batso tukunya biyar? Ta garar Fassuma ce. Tun ran da ubanta ya aiko cewa kana tahe, na tambayi asalinku, na ji, na ɗora tukunya. Amsarka ce ka zubar a ƙasa."

Wannan maganar ta fi dariyar gari duka zafi. Wato tsohuwa ta riga ta yarda tun kafin in hau moto, har ta fara tanadin kayan da za a raka amarya da su, ni kuma na zo na sa taɓarya na fasa. Na durƙusa a cikin batson nan, ban ko damu da wandona ba, na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce in tashi in ba ta wuri.

A hanyar komawa Tasawa, muna hawa kwalta Kawu ya ce mini, "Matsa baya, kana wari." Muna shiga gari rezo ya dawo, saƙona ya tafi, amsar Fassuma ta shigo: "Da safen nan na kai masa koko. Lafiya?" Bayan minti goma ta kira, labari ya riga ya kai mata. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake yin kuka, ta ce, "Kai wane irin mutum ne?" Na ce ni ma yau nake son in sani.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Rana ta uku sai ga Malam Ilu a shagon Kawu, ya biyo amalanken kasuwa. Ya ce rabin laifin nasa ne, ya roƙi tsohuwa, ta ce ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abin da na zubar shi zan mayar, da hannuna.

Haka na sayi gurguzu da tukwane, na koma. Na faskara itace har tafin hannuna ya yi kanta. Na wuni a bakin murhu cikin zafin bazara ina iza wuta, Inna na zaune a inuwa tana ba da umurni: "Mushe, wutar ta yi yawa. Mushe, ba haka ake juyawa ba." Da aka rufe tukwanen ta sa mini kujera a ƙofar ɗakin ta ce in yi gadi, tunda na iya tsare wuri. Ranar daka kuwa matan unguwa suka taru, ba don taimako ba, don kallo. Na daka, warin na shiga har cikin kunnena, suna tafi suna yi mini kirari. Abin mamaki, zuwa rana ta biyar na daina jin kunyar, har na fara jin daɗin zaman. Tuwon Inna da miyar kuka, in ba ka ci ba ba za ka gane ba.

Ranar da daudawar ta bushe, Inna ta gutsuri kaɗan, ta shinshina, ta ɗanɗana. Ta sa aka kira Kawu Laminu da Malam Ilu. Ni ina durƙushe a gefe.

Ta ce wa Kawu, "Batson bai kai nawa ba, amma za ya ciwu. Ka ce wa uban yaro su turo." Sannan ta juyo gare ni. "Ka san dalili? Ka san in ka yi magana ka rasa ɗiyata, kuma ka yi, saboda wani tsoho da ba ka taɓa gani ba. Mai irin wagga zuciya ba ya barin mace ta wulaƙanta. Wauta ce ke gare ka, ita kuwa na ga daka na rage ta."

Hawaye kawai na ji suna zuba. Malam Ilu ya ce in bar kuka, mamacin ma ya haƙura.

An ɗaura aure bayan kaka, kuma daudawar da na daka da hannuna ita muka ci kusan shekara. Yanzu ina aikin da na karanta, ina kuma jin daɗinsa. Sai dai duk gidan da aka kira mu, kafin in taɓa komi, nakan nemi macen da ta fi kowa tsufa a gidan, in durƙusa in gaishe ta, in tambaye ta me ta dafa, me ta jiƙa, me ta rufe a ɗaki. Abokan aikina sun ɗauka wata sabuwar dabara ce da na koyo a ƙetare, har wasu sun fara kwaikwayo. Ban gyara musu ba.